Ragar da Muka Bar wa Mai Lambu

Ni ne a gaba a ranar, domin ni nake ɗauke da sandunan kafa raga, su kuwa dogaye ne, duk wanda ya biyo ka kurkusa sai ka tsokane masa ido. Rana ta take tsaka. Mun daɗe muna hawan kwarin, tsakanin jajayen duwatsun kudancin Sina'i, jakin da ke ɗauke da sauran kayanmu yana can baya tare da abokan tafiyata biyu. Da na zagayo ƙaton dutsen da ke kare lambun, sai na hango raga a tsaye, a buɗe, ta bisa katanga.

Na tsaya cak. A aikinmu ba a barin raga a buɗe da tsakar rana. Ba a barinta babu mai zagaya ta, ko da na ɗan lokacin cin abinci ne. Mu kuwa rabonmu da lambun tun watan Afrilu, ga shi Satumba ta kusa ƙarewa.

Karatun addini ne ya kawo ni Alƙahira. Ina hayar ɗaki a Abbasiya tare da wasu ɗalibai 'yan gida, kuma a cikinsu ni ne wanda ake mantawa yana ɗakin, saboda rashin maganata. Wata rana ina tsugune a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai kusa da dandalin Ataba, ina buɗa wani littafi mai hotunan tsuntsaye, sai wata dattijuwa mai farin gashi da tabarau ta tsaya a kaina, ta tambaye ni ko na san su. Na nuna mata wani ɗan rawaya mai kaɗa jela, na ce wannan yana zuwa fadamar garinmu bayan damina, yana bin ƙafafun shanu. Ta yi dariya, ta ce ai ta nan yake wucewa in zai je wurinku. Likitar dabbobi ce da ta yi ritaya, kowa Dakta yake kiranta. Ita ce ta ja ni cikin aikin sanya wa tsuntsaye zobe. Ba a biyan kowa. Sau biyu a shekara, da bazara da kaka, lokacin da tsuntsaye ke ƙetare Masar, muke hawa motar Sina'i, ni da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a aljihun gaba saboda shingayen bincike. Na fara tun ina ajin koyon Larabci, na ci gaba har na gama digiri na shiga na biyu.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Bayan sallar Asuba a buɗe raga tsakanin sanduna. Baƙa ce, siririya kamar gashi, tsuntsu ba ya ganinta sai ya faɗa. A dinga zagaya ta a kai a kai. Wanda ya faɗa a cire shi a hankali, ƙafafu tukuna, sai fukafukai, sai kai, a sa shi a jakar yadi. A teburi a ɗaura masa ɗan zobe mara nauyi mai lamba a ƙafa, a matse da filaya, a auna fiffike, a hura gashin ƙirjinsa a ga yawan kitsen da ya tara don tafiya, a ɗora a sikeli, a buɗe hannu ya tashi. Da rana ta fara zafi a naɗe raga a ɗaure ta, domin tsuntsun da ya rataya a rana ba ya daɗewa. Na ukunmu wani mai kantin magani ne daga unguwar Shubra, ƙato mai barkwanci, wanda bai taɓa kirana da komai ba sai Maulana. Yakan ce, "Ku dubi Maulana, yana cire tsuntsu kamar mai juya shafin littafin kakansa."

Lambun kuwa na wani dattijo ne daga mutanen dutsen, muna kiransa Hajji. Kakansa ne ya jera katangar ya haƙa rijiyar, kuma a duk kwarin nan ne kaɗai ruwa da inuwa, shi ya sa duk tsuntsun da ya gaji nan yake sauka. Akwai inabi, da ɓaure, da rumman, da mishmish, wani ɗan itace mai launin ruwan lemo da ake shanyawa a ajiye. Dakta ta sha gaya mana cewa amfanin aikinmu duka yana rataye da wannan wuri ɗaya. Sai an kafa raga a gurbi ɗaya, a lokaci ɗaya, shekara bayan shekara, sannan za a iya cewa tsuntsu kaza yana raguwa ko yana ƙaruwa. In an sauya wuri, an koma farko. Ita ta fara tun kafin in zo Masar. Babu wata takarda tsakaninta da Hajji, maganar baki ce da mutunci.

A Afrilun da nake magana, ragarmu ta tsufa, rana ta cinye ta, duk ta yi huji, Dakta ta kawo sabuwa. Ranar sallama, kamar yadda ta saba, ta ajiye wa Hajji ganyen shayi da sukari da maganin gwiwa. Sai ya nuna buhun da muka cusa tsohuwar ragar a ciki, tare da sauran tsofaffin da muka daina amfani da su.

"Wannan fa, ya Dakta?"

"Zubarwa za mu yi, ya Hajji."

"A zubar? Bar mini ita. Za ta yi mini amfani a wurin inabi."

Ta ce ya ɗauka. Mai kantin magani ya ce, "In ka kama kifi a rijiyar, ka ajiye mini kan." Aka yi dariya, muka sauka. Mu uku muka ji maganar, babu wanda ya tsaya a kanta. Ni abin da ya zo mini shi ne zai murɗe ta ya yi igiya ya ɗaure rassa. A kanmu raga abu ce da ake buɗewa da safe a rufe da hantsi, da mutum a gefenta. Mun saba da hakan har ba mu iya hango ta a wani hali. Mun manta Hajji ya yi shekaru yana zaune a bakin rijiya yana kallon yadda muke kafa sanda da ja igiya.

Ya koya kuwa sosai. Da na tura ƙyauren lambun na shiga, na tarar ya kafa ta kamar yadda muke yi, a miƙe, igiyoyinta a ɗame. Ba ɗaya ba ce, duka tsofaffin ne, sun zagaye inabi da mishmish da ɓaure. Hujin ma ya ɗinke su da zare.

Da farko na ɗauka busassun ganye ne iska ta kwaso. Na matsa. Ba ganye ba ne. Tsuntsaye ne, a jere daga sama har ƙasa, kowane aljihun raga da nasa. Waɗansu sun bushe kamar kilishi, kai a rataye, baki a buɗe. Waɗansu babu abin da ya rage sai ƙashi da 'yan gashi, wani ƙafa ɗaya ce kawai a maƙale a zare. Na ƙasa wani abu ya zo ya ci rabi ya bar rabi. Tururuwa na hawa da sauka a kan igiyoyin. Wari bai yi yawa ba, iskar dutse ta busar da komai, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali, don wurin fes yake, tsit, inabi ya nuna ya yi baƙi a bayan ragar.

Sai na fara ganin ƙyalli. Nan ɗaya, can ɗaya, a ƙafafun da suka bushe. Zobbanmu ne. Tsuntsayen da ke zaune a kwarin duk shekara, waɗanda muka sani, su ne suka fara faɗawa. Bulbul ya fi yawa. Akwai 'yan jajayen nan na dutse masu zuwa shan ruwa da safe. A kusa da rijiya na sami wani baƙin tsuntsu mai fari a ka kamar ya sa hula, wanda ke zama a kan katanga yana kallonmu, mun kama shi mun sake shi shekara da shekaru har mai kantin magani yana ce masa maigida. Na juya zoben da ɗan yatsa. Ni na matse shi, na gane gefen da nake haɗa bakin.

Ban san na ajiye sandunan ba. Ban ji shigowar su Dakta ba sai da mai kantin magani ya ce, "La haula wa la ƙuwwata." Dakta ta bi ragar farko daga wannan sanda zuwa waccan, hannunta a kan bakinta, sannan ta zauna a ƙasa, a kan tsakuwa, da tufafin tafiyarta.

Wani abu ya motsa a ƙarshen ragar ɓaure. Ɗan tsuntsu ne mai launin toka, cikin masu wucewa, da alama da safen nan ya faɗa. Zare ya naɗe masa harshe da fiffike. Na kai hannu, na kasa gano ta ina ya shiga. A duk shekarun nan ban taɓa yanka raga don cire tsuntsu ba, ina alfahari da hakan a ɓoye. Ranar na sa haƙori na tsinke zaren. Na ɗiga masa ruwa a gefen baki, na ajiye shi a inuwa. Bai tashi ba, ya dai tsaya da ƙafafunsa yana haki.

Dakta ta kira mu da hannu.

"Kada wanda ya ce masa komai tukuna. In muka rasa lambun nan, mun rasa komai."

Mai kantin magani ya ce, "To mu yi shiru. Mu sauke su mu ce za mu kafa sababbi a gurbinsu. Ranar tafiya in cusa su a ƙasan jakata, khalas, shi ke nan. In ya tambaya, akuya ta cinye."

Na ga tana auna maganar. Sai ta juyo gare ni. "Ya ibni, ɗana, kai me ka ce?"

Ba a cika tambayata ra'ayi ba. Na ce abin da aka ba mutum ya zama nasa, ɗauka a ɓoye sata ce. Na ce kuma zai gane, tunda ba yaro ba ne.

"Madalla," in ji mai kantin magani. "Mun hau dutse da muftinmu."

Kafin a ƙara magana muka ji muryar Hajji daga bayan itatuwa, yana tafe yana dogara sanda, fuskarsa cike da murna. Ya rungume ni, ya rungume mai kantin magani, ya dafa ƙirji ya gaida Dakta, yana ta marhaban, kun haskaka kwarin. Ya bi ta gefen ragar ya wuce kamar yadda mutum ke wuce shanyar kaya. Ya ja mu zuwa rumfa.

A wurinsu baƙo ba ya buɗe bakin abin da ya kawo shi sai ya sha shayi ya ci abinci. Mun san wannan, mun bi shi shekaru. Muka zauna a kan kilishin gashin akuya, ya hura wuta, ya ɗora buta, ya jefa ganyen ƙamshi. Ya tambayi lafiyar 'ya'yan Dakta, da kasuwar magani, da karatuna, da ko na sami labarin gida. Muka amsa. Daga inda nake zaune ina hango ragar inabi, iska na ɗan kaɗa abin da ke jikinta.

Sai ya shiga ɗakin ajiya ya fito da faranti babba. Busasshen mishmish, da zabibi, da ɓaure, da rumman da ya fasa. Ban taɓa ganin ya fito da irin wannan yawa ba.

"Ku ci. Albarkar ragarki ce, ya Dakta. Tun rasuwar mahaifina ban ga shekara irin wannan ba. Da, rabi nawa rabi na tsuntsaye. Bana jikokina sun ci har sun bari. Na ware wa kowannenku buhunsa."

Ya ɗebo da hannunsa ya zuba mini a tafi. "Ci, ya Shehi, ka rame. Littafi ba ya sa ƙiba." Na sa ɗaya a baki. Yana da zaƙi ƙwarai, ban taɓa cin mai daɗinsa ba, na kuma daɗe ina taunawa. Akwai ɗan gashin tsuntsu maƙale a hannun rigata, na rufe shi da ɗaya hannun.

Da aka sha kofi na uku, Dakta ta ajiye nata. Ta fara da godiya, ta ambaci shekarun da ya buɗe mana ƙofarsa. Sannan ta ce kuskure ta yi da ta ba shi ragar ba tare da ta yi masa bayani ba, laifin nata ne, kuma tana roƙonsa ya mayar mata da ita.

Hajji ya dube ta kamar bai ji da kyau ba.

"In mayar?"

"Tana kashe su, ya Hajji. Ka gani da idonka."

"Ku ma kama su kuke yi. A lambuna, da ruwana."

"Muna sakinsu."

"Kuna sakinsu su ci mini mishmish, ku koma Alƙahira." Ya gyara itacen wuta. Ya ce da farko yana zagayawa yana cire su, waɗansu suna tashi, waɗansu ya yanka ya gasa. Amma yatsunsa ba irin namu ba ne, gwiwa kuma ta hana shi yawan tashi. Da zafi ya tsananta matarsa ta kwanta, ya sauka gari ya yi makonni. Da ya dawo ya tarar da su haka, ya ga kuma waɗanda suka rataya suna tsorata sauran, sai ya bar su.

Dakta ta ce akwai wasu hanyoyin. Za ta kawo masa farin yadi mai kauri wanda ake lulluɓe itace da shi, tsuntsu ba ya maƙalewa. Za mu zo da kanmu mu ɗaura.

Bai saurari wannan ba. "Kin ba ni a gaban mutane, ya Dakta. A nan ba a karɓe kyauta sai daga hannun wanda aka yanke hulɗa da shi. Ni ne wannan?"

"Wallahi ba kai ba ne."

"To ki bar mini kayana."

Na ga Dakta ta runtse ido. In ta ce to, lambun yana nan, aikinta na shekaru yana nan, raga kuma za ta koma tsaye da zarar mun juya baya.

Sai Hajji ya juyo gare ni. "Kai, ya Shehi. Kai ka yi karatu. Gaya mata. Haramun na aikata da na tsare abincin iyalina?"

Da zan iya nutsewa cikin kilishin da na nutse. Na san amsar da za ta bar mu a lambun, na san kuma wadda na karanta. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa har sai da ya karkato kunne. Na ce tsare amfanin gona halal ne, babu mai musu. Na ce amma a bar mai rai a ɗaure ƙishirwa ta kashe shi, ban san malamin da ya halatta wannan ba.

Ya daɗe yana kallona. Ni ne wanda yake turawa gaba in ja sallah duk lokacin da muka zo, shi yana bayana. Bai ce na yi ƙarya ba. Ya miƙe da kyar, ya ɗauki sandarsa, ya nufi ragar inabi. Na tashi zan taimaka, ya ɗaga mini hannu ba tare da ya waiwayo ba. Muna zaune muna kallo ya tumɓuke sandunan ɗaya bayan ɗaya, ya ja ragar a ƙasa da duk abin da ke cikinta, ya dunƙule, ya cusa a buhu yana dannawa da ƙafa. Ana jin ƙarar ƙananan ƙasusuwa. Haka ya yi da ta mishmish da ta ɓaure. Ya ɗauki lokaci mai tsawo, yana tsayawa yana hutawa. Ya jawo buhunan ya ajiye a gaban Dakta.

"Ga kayanki." Ya share gumi da gefen rawaninsa. "Ma'alish, a yi haƙuri, bana rijiya ta ja baya. Ruwan ba zai ishe ni da baƙi ba."

Rijiyar a cike take, na leƙa ta da na ɗebo wa ɗan tsuntsun ruwa. Dakta ta ce Allah ya ƙara ruwa, ya Hajji. Ya ce amin. Ko kayanmu ba mu kwance daga jaki ba. Ya raka mu har bakin ƙyaure kamar kullum, ya kuma ɗora mana buhunan mishmish ɗin da ya ware, babu wanda ya iya cewa a'a. Muka sauka da la'asar, ba mu buɗe sabuwar raga ko sau ɗaya ba.

Bayan mako biyu Dakta ta kira mu gidanta a unguwar Dokki. Ta shimfiɗa jaridu a baranda. Muka zazzage buhunan, muka cire zobban daga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, sannan muka sa almakashi muka yayyanka ragar ƙanana-ƙanana, don kada wani ya tsince ta a bola ya kafa. Ƙasa motoci na ta hon. Ta ce ta aika wa Hajji gaisuwa ta hannun mutumin da muke hayar jakinsa, da farin yadin da ta yi alkawari, an dawo mata da yadin a naɗe yadda ya tafi. Ta ce abin da ta tara a wannan lambu ya tsaya a nan, ba za a ɗora masa komai ba.

Mai kantin magani yana yanka, kansa a sunkuye, ya ce, "Kun san a garuruwan bakin teku ana sayar da irin wannan ragar a kasuwa, ko? Kowa na iya saya."

Dakta ta cire tabarau ta goge, ta ce an gaya mata akwai wani kwari can kudu mai 'yar ƙorama, ba ta san mai shi ba, ba ta san ko tsuntsu na sauka ba. Ta ce a shekarunta ba ta jin za ta ga amfanin sabon wuri, amma ko zan raka ta mu duba in bazara ta zo. Na ce zan zo. Mun je, mun kuma fara daga farko a can. Lambun Hajji kuwa ban sake taka shi ba, kuma har yau ban san abin da ke tsaye a bayan katangarsa ba.